Neman shawara: 'yan kunnen yumɓun roba masu kama da zanen Van Gogh suna karye mini

Maman Hanan, Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ƙannena da ke wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Wata huɗu ke nan da na fara koyon yin kayan ado da yumɓun roba, wanda masu shaguna a nan suke kira salsal harari, wato yumɓun nan mai launi iri-iri da ba ya bushewa a iska sai an gasa shi. Na fara da ƙananan duwatsun wuya marasa kwalliya, kuma sun yi kyau daidai gwargwado, har maƙwabciyata ta sayi sarƙa biyu.

Abin da ya kawo ni shi ne wani zane da na daɗe ina ƙauna, na Vincent van Gogh, wanda ake kira Dare Mai Taurari. A bangon littafin makarantar 'yata na fara ganinsa, kuma tun daga ranar nake jin cewa wannan sararin samaniya mai murɗawa kamar guguwa zai yi kyau a kunnen mace. Na sayi shuɗi iri biyu da ruwan ɗorawa da fari da ɗan ruwan goro, na zauna bayan sallar isha'i dare uku a jere, na yi 'yan kunne saiti uku, amma abin da ya fito ya sanyaya mini gwiwa ƙwarai. Da na haɗa launukan domin in sami wannan murɗawar, sai duk suka cakuɗe suka koma wani kore mai duhu kamar miyar kuka, taurarin suka ɓace a ciki. Da na gasa su kuma, farin da na sa a gefen wata ya koma ruwan ƙasa, alhali minti ashirin kawai suka yi a wuta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, 'yata ta saka saiti ɗaya zuwa gidan biki a Hindawiyya, tana gyara mayafinta sai ɗan kunnen ya rabe biyu a hannunta kamar biskit.

Don Allah, masu sani su taimaka mini. Ta yaya abu zai ƙone daga waje kuma ya kasance bai dahu ba daga ciki? Ta yaya zan sami murɗawar nan ba tare da launukan sun kashe juna ba? Sannan idan Allah ya sa na iya, shin akwai laifi in sayar da abin da na kwaikwayo daga zanen wani?

Hajiya Ummu Faisal, Makka:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin duk wadda ta taɓa yumɓun nan sai ta bi ta wannan hanya. Zan bar maganar launi ga waɗanda suka fi ni ido, in tsaya a kan gashi, saboda shekara bakwai nake wannan sana'a kuma mafi yawan asarar da na yi a cikin furun, wato tandar gashi, na yi ta.

Ki fara sanin cewa wannan abu sunansa kawai yumɓu, amma babu ƙasa a cikinsa. Garin roba ne irin wanda ake yin bututun ruwa da shi, aka kwaɓa shi da wani mai da ke sa shi laushi. Idan zafi ya kai yadda ake so kuma ya daɗe, sai garin ya shanye man ya haɗe ya zama abu ɗaya mai ƙarfi. Idan kuwa lokacin bai isa ba, zai yi tauri a ido da hannu, amma cikinsa bai haɗe ba, shi ya sa ya rabe a hannun 'yarki. Ɗan kunnen da ya gasu sosai, idan siriri ne, kina iya lanƙwasa shi tsakanin yatsunki ya dawo yadda yake bai karye ba, kuma wannan ne gwajin da nake yi wa kowane kwanon gashi bayan ya huce sarai.

Minti ashirin ya yi kaɗan. Idan yumɓun Fimo kike amfani da shi, na Jamus, a jikin ledarsa an rubuta digiri 110 na minti 30, kuma an gargaɗi mutum kada ya wuce 130. Cernit na Beljiyam yana tsakanin 110 da 130, shi kuwa Premo na Amurka yana son kusan 135, minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Ni nakan bar nawa minti 45 har zuwa awa guda, domin tsawon lokaci ba ya ƙona shi muddin zafin bai haura ba.

Ƙonewar farin kuwa, ina kyautata zaton ƙaramin furun na lantarki gare ki, irin wanda ƙarfen wutar yake kusa da abin da ake gasawa. Irin waɗannan ba a yarda da lambar da ke jikin maɓallinsu, domin zafin yakan yi sama da ƙasa: ƙarfen ya yi ja ya babbake saman kayan, sa'annan ya mutu zafin ya faɗi. Ki sayi ma'aunin zafi na cikin furun, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ki kunna furun ɗin babu komai a ciki na minti ashirin ki ga abin da yake nunawa a gaskiya. Ki sa tayil guda a ƙasa don ya riƙe zafi, ki shimfiɗa farar takarda a kai saboda kada bayan ɗan kunnen ya yi tabon ƙyalli, sa'annan ki kifa kwanon alminiyam irin na shinkafar walima a kan kayan. Da wannan kwano kaɗai farina ya daina canza launi. Idan kuma wata rana ya ƙone har ya yi baƙi yana hayaƙi, ki kashe wutar, ki buɗe tagogi, ki fitar da yara daga kicin, domin hayaƙin yana da yaji a maƙogwaro da ido. Haka nan duk wuƙa ko faranti da ya taɓa ɗanyen yumɓun, kada ya koma wajen abinci.

Akwai wani abu da ya shafe mu mazauna ƙasar nan musamman. Wata shekara da rani na sayo yumɓu na kusan riyal ɗari biyu, na bar ledar a cikin mota na shiga gaisuwar rasuwa a Jarwal, ban fito ba sai bayan la'asar. Da na zo aiki da shi, sai marmashewa yake yi kamar busasshen ƙuli-ƙuli, duk cuɗar da na yi masa bai haɗe ba, domin zafin motar ya riga ya fara gasa shi. Tun daga nan nake latsa kowane ƙulli da babban yatsa kafin in biya kuɗi, kuma a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska nake ajiye shi. Kada ki manta ki cuɗa shi sosai kafin ki fara aiki, har sai kin ninka shi bai tsage a gefe ba.

Malam Abu Yasir, Riyad:

Assalamu alaikum. Hajiya ta gama magana a kan wuta, Allah ya saka mata da alheri. Ni ba na yin kayan ado, zane nake koyar da yara, saboda haka a kan launi zan ɗan ce wani abu, Malama.

Ki buɗe hoton zanen nan a waya ki faɗaɗa shi har iyaka a daidai inda sararin yake murɗawa. Za ki ga cewa Van Gogh bai cuɗa launukansa sun zama ɗaya ba. Gajerun layuka ne masu kauri ya jera kusa da kusa, wannan shuɗi mai duhu, na gefensa shuɗi mai haske, sai fari, sai ɗan ruwan ɗorawa, kowane yana zaune a wurinsa, kuma idon mai kallo ne yake haɗa su daga nesa. Ke kuwa kin haɗa su da hannu, kuma dokar launi ɗaya ce a fenti da yumɓu: shuɗi da ruwan ɗorawa kore suke haifarwa, idan kuma ruwan goro ya shiga cikin shuɗi sai su kashe juna su koma ruwan toka mai datti. Abin da nake ganin zai yi miki shi ne ki murza kowane launi daban ya zama siririn zare kamar taliya, ki yanka gajere-gajere, ki ɗauka da bakin allura ki jera su a kan shimfiɗar shuɗi mai duhu, kina bin da'ira. Ki ɗan danna kowane zare da gefen allurar domin ya kama kuma ya bar shaida irin ta buroshi. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne ya fi kusa da yadda mai zanen ya yi nasa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Zanen nan, wanda ya yi a watan Yunin 1889 lokacin da yake jinya a Saint-Rémy a kudancin Faransa, kuma yanzu yake ajiye a gidan zane-zanen zamani na birnin Niyok, faɗinsa ya kai santimita 92, tsayinsa kusan 74. A cikinsa akwai doguwar bishiya baƙa a hagu, da ƙauye a ƙasa, da tsaunuka, da jinjirin wata a dama, da taurari goma sha ɗaya, cikinsu har da gamzaki, wanda ya fi saura haske. Ɗan kunnenki kuwa bai wuce santimita uku ba. Idan kika ce sai kin zuba duk wannan a ciki, babu abin da zai fito sai cunkoso. Ki tambayi kanki mene ne ya tsayar da ke ranar da kika ga bangon littafin 'yarki. Daga bayaninki na fahimci murɗawar ce, to ki ɗauke ta ita kaɗai a kunne ɗaya, ki sa watan da haskensa a ɗaya kunnen, ki bar ƙauyen da bishiyar a inda suke. Wanda ya san zanen zai gane shi nan take, wanda bai sani ba kuma zai ga abu mai kyau.

Da za ki karɓi shawarata ma, da kin ɗan jingine Van Gogh tukuna kin fara da masu sauƙi. Wassily Kandinsky yana da wani zane na 1913, murabba'i goma sha biyu, kowane da da'irori a cikin juna masu launi daban-daban, wanda kamar don yumɓun nan aka yi shi. Piet Mondrian, ɗan ƙasar Holan kamar Van Gogh, baƙaƙen layuka ne kawai da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa a kan fari, kuma tun 1965 Yves Saint Laurent, mai tsara tufafi na Faransa, ya mayar da salonsa rigunan mata, wato ba yau aka fara sa zane a jiki ba. Tun da a Jidda kike, ki samu wata yamma ki je bakin teku wajen Hamra, inda aka tara manyan sassaƙe-sassaƙen da aka kawo birnin zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, akwai na Joan Miró da Alexander Calder da Henry Moore. Calder ɗin nan shi kansa ya ƙera kayan adon mata da yawa da waya. Ki zagaya su ki ga yadda siffa guda ɗaya take isar mutum kallo, gani ya kori ji.

'Yar Mai Wurno, Madina:

Salamu alaikum, Yaya Maman Hanan. Na amfana da bayanin Hajiya da na Malam, sai dai ina neman afuwar Malam, ban goyi bayan a jingine Van Gogh ba. Zanen da mutum yake ƙauna shi ne yake zaunar da shi dare uku a jere, kuma wannan zaman ne yake koyar da hannu. Ki ci gaba da shi, ki riƙa yin na Kandinsky a gefe don koyon wata dabara.

Dabarar ita ce ta sanda. Ki murza launi ɗaya ya zama gajeriyar sanda mai kauri, ki naɗe ta da shimfiɗar wani launi, ki ƙara wani a kai, har huɗu ko biyar, sa'annan ki riƙa matsa ta a hankali daga tsakiya zuwa gefe kina ja har ta sirance. Duk inda kika yanka da reza, da'irorin nan za ki gani, iri ɗaya sak, saboda haka kunnen dama da na hagu ba za su saɓa ba. Daga masu aikin gilashi aka aro wannan dabara, irin duwatsun birnin Banis na Italiya masu furanni a ciki da iyayenmu suke sawa a wuya. Injin taliya shi ne babban abokin aikinki wajen yin shimfiɗa mai kauri ɗaya, amma ki ware masa nasa daban. Da zafin ƙasar nan sandar takan yi laushi har baƙi ya shafi fari wajen yanka, don haka nakan sa ta a firji minti goma sha biyar a cikin leda, in kuma goge rezar bayan kowane yanka.

Game da sayarwa, ga abin da na fahimta. A yawancin ƙasashe haƙƙin mai zane yana ƙarewa ne shekara hamsin ko saba'in bayan rasuwarsa. Van Gogh ya rasu a 1890, Claude Monet mai zanen furannin bado a 1926, Kandinsky da Mondrian duka a 1944, saboda haka babu damuwa a kansu. Amma akwai waɗanda aikinsu yake da masu shi har yanzu, kamar Ibrahim El-Salahi na Omdurman, wanda mu mutanen Sudan muke alfahari da shi, ko Safiya Binzagr ta nan Jidda da ta rasu a 2024. Irin waɗannan a kalla a ƙaru, amma kada a kwafe zanensu a kai kasuwa ba da izini ba. Kuma ko na wanda ya daɗe da rasuwa ne, amana ce ki gaya wa mai saye daga ina kika samo. Ni nakan rubuta sunan mai zanen da shekarar a ɗan katin da nake maƙala kayan, kuma na lura mata suna jin daɗin wannan, domin sun sami abin faɗa idan aka tambaye su. A ɓangaren addini kuma, ni dai na zaɓi in nisanci fuskoki da siffar masu rai, in tsaya a kan sama da ruwa da furanni da layuka, sa'annan ba na rubuta aya ko sunan Allah a abin da za a iya shiga banɗaki da shi. Wadda take son hukunci dalla-dalla sai ta tambayi malamai.

Sai kuma abin da kasuwa ta koya mini. Yawancin masu sayen kayanmu kunnensu a rufe yake idan sun fita, sai a gidan biki cikin mata ake ganin ɗan kunne. Abin da ya fi tafiya a wurina shi ne abin maƙale mayafi, da wanda ake sawa a ƙirjin abaya, da zobe, da abin hannu. Abin ƙirjin abaya ma ya fi ɗan kunne fili, kuma shuɗin Dare Mai Taurari a kan baƙar abaya abin kallo ne. Duk abin da zai taɓa mayafi ki goge gefensa da sanfefa mai laushi a cikin ruwa, ki fara da lamba 400 ki haura zuwa 1000, don kada ya ja zare. Kada ki dogara da gam wajen maƙala ƙarfen baya, ki rufe gindinsa da ɗan siririn yumɓu ki sake gasawa, kuma ki nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, domin raɓar Jidda ba ta barin mai araha, wasu matan kuma kunnensu yana ƙaiƙayi da shi. Kada ki shafa masa jan farce marar launi don ƙyalli, bayan 'yan watanni danƙo yake yi. Kuma ki riƙa gaya wa masu saye su gama shafa humra da feshin turare kafin su saka, domin na taɓa karɓar sarƙa da aka dawo mini da ita, man ƙyallin duk ya dushe a daidai inda humra ta zauna.

Idan hannunki ya faɗa, ki waiwayi abin da ke kusa da mu. Matan yankin Asir na kudancin Saudiyya suna da zanen bangon ɗaki da ake kira Ƙaɗɗul Asiri, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017, layuka ne da kusurwa uku-uku na ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa a kan farin bango. Waɗannan mata masu zane ne na gaske, ko da ba a rataye aikinsu a Faris ba. Ga kuma namu na gida, dagi da aska takwas da zanen da ake yi a fuskar soraye a Kano da Zariya. Na yi wa mahaifiyata abin mayafi mai dagi, shuɗi a kan fari, ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta, sa'annan ta ce irinsa ne a wuyan rigar mahaifinta da yake sawa ranar idi a garinmu Mai Wurno na Sudan.

Maman Hanan, Jidda:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara buɗi. Na dakata ne sai na gwada kafin in dawo da bayani.

Hajiya, maganarki ta tabbata. Na sayi ma'aunin zafin, na sa maɓallin furun a 110, sai ga allurar ta haura 140 kafin ta sauko ƙasa da 100. Na rage maɓallin, na sa tayil da kwanon alminiyam, na bar kayan minti 45. Da suka huce na lanƙwasa ɗaya a gaban 'yata, ya dawo daidai, farin kuma yana nan fari tas.

Malam, na bi hanyar zare da allura, na yi murɗawar a kunne ɗaya da wata a ɗaya. Ya ɗauke ni kusan awa biyu, kuma zaren farko-farko sun yi kauri, amma launukan sun tsaya kowane a wurinsa. Na ajiye su a kan tebur ban ce komai ba, 'yata ta shigo daga makaranta ta ɗauka, ta ce, “Umma, wannan ai na bangon littafina ne.” Ranar Juma'a in sha Allah za mu je Hamra da yara.

Ƙanwata ta Madina, na fara abin ƙirjin abaya kamar yadda kika ce, amma na ci karo da wata matsala. Ƙura da zaren tufafi suna manne wa farin yumɓun tun kafin in gasa, ko da na wanke hannu, kuma shuɗin yana barin launi a yatsuna ya koma kan farin. Yaya kike yi da wannan?

'Yar Mai Wurno, Madina:

Madalla, Yaya, na yi murna ƙwarai. Ki riƙa fara aiki da fari da ruwan ɗorawa, ki bar shuɗi da baƙi su zo daga baya, kuma kada ki zauna aikin da baƙar abaya ko tufa mai zubar da zare, farar rigar auduga ta fi. Ki ajiye ɗan guntun yumɓu marar amfani a gefe, ki riƙa murza shi a tafin hannu kafin ki taɓa farin, zai kwashe ƙurar da sabulu bai cire ba. Wadda ta riga ta manne kuma, ki jiƙa audugar kunne da sifirit na kemis ki shafa a hankali kafin gashi. Idan fanka ko na'urar sanyi tana busowa kai tsaye kan teburin, ki juya ta wani gefen, sa'annan ki kifa kofin gilashi a kan aikin duk lokacin da kika tashi salla.